Ɗiyata ta ce in goge mata baƙi

Maman Nana: Salamu alaikum 'yan uwa dan Allah ku ban shawara. Ɗiyata shekara 6 tana CI (ajin farko na firamare), ƙanen babanta da ke Faransa ya aiko mata littattafai 8 tun azumi, takardar ma sheƙi take, dama shi mai kyauta ne ko bikin ƙanwata shi ya ɗauki rabin hidima, amma yaran ciki duk farare ne masu gashi har gadon baya. Jiya ina mata wanka ta miƙo min soso wai in goge baƙin nan ta koma kamar yarinyar littafi. A ɗaya akwai baƙin mutum guda tak, shi ma kaya yake ɗauka, ta nuna ta ce ga bawansu. Na zagaya kasuwar Dole, kaye da littafin lissafi kawai na gani. Ina zan samu masu yara kala-kala?

Mushe: Madam abin tsoho ne. A shekarun 1940 a Amurka Kenneth da Mamie Clark sun ajiye wa baƙaƙen yara 'yar tsana fara da baƙa, mafi yawa fara suka zaɓa. Amma kar ki tsaya ƙirga kala, ki duba wa ke magana a labarin, wa ke warware matsala, wa ke riƙe kaya kawai. Kuma kala-kala a Damagaram ai har da Buzaye da Tubawa da Barebari da Fulani. Kalmar bawa kuwa a gida ta ji ta, nan Nijar sai 2003 doka ta mai da bauta laifi.

Hajiya ta Birni: Ƙanwata ƙone su ki huta. Mu da Gizo da Ƙoƙi muka tashi. Ni ranar da na haifi ta farin uwar mijina ta buɗe zane ta duba bayan kunne ta ce tir wannan baƙa za ta yi, shekara 19 ban manta ba wlh.

Inna Zongo: Haba a ƙone littafi? Ki ba masu zuwa Kano sautu su dubo miki na Hausa masu hoto.

Mushe: Ba harshe ne matsalar ba, na faɗa a sama.

Maman Nana: Mushe mu gidanmu ba a faɗin wannan kalma, sai dai a lakwal. Kuma ba zan ƙone ba, in ya zo ya tambaya me zan ce.

Hajiya ta Birni: To ke wane mai kike shafawa? Tambaya ce.

Maman Nana: Na ƙuraje ne Hajiya, kuma ba shi na kawo ba. Inna wace tasha masu sautun suke?