Fita daga ƙungiya: wa ya tambayi majalisa?

Na-Garki:
Ran da Ingila ta nufi barin Tarayyar Turai,
Firaminista Theresa May ba ta yi gaban kanta ba.
Kotun ƙoli ta yi hukunci a 2017:
Takardar fita ba ta tashi in majalisa ba ta yarda ba.
Sashe na 50 na yarjejeniyar Turai ya yanka wa'adin shekara biyu,
Ba a ƙari in duk ƙasashe ba su amince ba.

'Yar Kubwa:
Malam Na-Garki, idonka yana can Landan,
Majalisar ECOWAS na unguwarku, ba ka leƙa ba.
Nijar da Mali da Burkina sun yi sallama,
Janairun 2024, ko ba ka ji ba?
Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS ya ce a jira shekara guda,
Ta cika, sun tafi, ba su waiwayo ba.
Majalisar Yamai soja sun rushe ta tuni,
Ba wanda aka zaɓa ya ce "ban gamsu ba".

Ɗan Nyanya: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Garki ta sha ƙasa yau.

Malam Mai Aruli: A yi haƙuri, ɗangon "Janairun 2024" ɗingishi yake. Lamba ba ta hawa kari sai an furta ta, in kuwa an furta, ɗangon ya zarce 'yan'uwansa.

'Yar Kubwa:
Malam, kai da awon gaɓoɓi ka tsaya,
Fataken Jibiya ba su tambayi karinka ba.
Fasfo, haraji, bashin banki, ma'aikata,
Su ake bi ɗaya-ɗaya bayan fita, ba ka auna ba.

Mai Aruli: Kuma "ba" ɗin nan amsa-amon rago ne, kowa na iya shi.

Ɗan Nyanya: Sai ka kawo naka baitin mu gani, Malam.

Na-Garki:
Na dawo, Hajiya, wuta ce aka ɗauke.
Ki riƙe wannan, ban gama da ke ba:
Ƙuri'a 432 ta danne 202,
Sau uku May ta kai yarjejeniyar fita majalisa, ba ta wuce ba.
Iyakar Ailan ce ƙashin da ya maƙale,
Sai Janairun 2020 aka fita, ba da wuri ba.
Majalisar Turai ce ta amince daga can ɓangaren,
Majalisun ƙasashe 27 ba a kai musu ƙuri'a ba.

'Yar Kubwa:
To kai ma ka faɗa da bakinka, Malam,
Ko can waɗanda aka bari ba a tambaye su ba.
Mu da muke iyaka da Maraɗi da Ƙonni,
Wa zai bi kadin direban albasa in Majalisarmu ba ta bi ba?