Neman shawara: abinci a hanyar Le Puy zuwa Conques

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin tattaki a Faransa, daga Le Puy zuwa Conques ta hanyar masu tafiyar ƙafa da ake kira GR 65, kusan kilomita 200 cikin daji da tsofaffin ƙauyuka. Tafiyar ba ta dame ni ba, abinci ne ya tsaya mini a rai.

Yawancin masaukai tukunya ɗaya suke ɗorawa da dare, kuma a yankin Aubrac dakakken dankalinsu mai cuku galibi da naman alade yake zuwa. Na tura wa masaukan saƙo, wasu shiru kake ji. Shagunan ƙauye kuwa suna rufewa da tsakar rana, ga jaka ba ta ɗaukar guzuri mai yawa.

Wanda ya taɓa bi, don Allah ya kuka yi? Masaukan suna barin baƙo ya dafa nasa?