Jikin ɗana ba ya karɓar gyaɗa, ga Halloween ya ƙarato

Assalamu alaikum, iyayen da ke zaune a Amurka. Muna Minneapolis. Ɗana ɗan shekara shida ko ɓurɓushin gyaɗa ya ci sai leɓe ya kumbura, fata ta yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya soma sarƙewa. Ya kuma kafe sai ya bi 'yan ajinsu gida-gida karɓar alewa daren bikin Halloween, 31 ga Oktoba.

Bara mun yi da shi ba zai ci komai ba sai mun dawo na tantance. Snickers da Reese's ba wuya, kowa ya san da gyaɗa a ciki. Ƙananan alewowin ne matsala: yawanci ba bayanin kayan haɗi a ledarsu, yana jikin babbar jakar da mai gida ya riga ya jefar. Irinsu ya ɓare guda a hanya, cikin duhu, muka kwana a asibiti duk da an yi masa allurar gaggawa ta EpiPen.

Na nemi gidajen da ke ajiye kabewa mai launin shuɗi-kore, masu ba da kayan wasa maimakon alewa. A unguwarmu ba su taka kara sun karya ba.

Masu yara irin nawa, wace dabara kuke yi yaro ya zagaya da abokansa ba tare da ya kai komai baki a hanya ba?