Man gyaɗa ne ke kumbura mana gwiwa?

Alhaji na Birni: Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani saƙon murya da aka turo mini, mai maganar ya ce jiki yana juya man gyaɗa ya zama wani sinadari wai shi furostagalandin, kuma shi ne tushen kumburi da ciwon gaɓoɓi. Ya ce duk wanda ya bar man zai warke. Gwiwata ta hana ni sujada yadda ya kamata, don haka na ce a daina sa shi a tukunyar gidana. Ina ba ku shawara ku ma ku bari.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ba ka lafiya, amma wannan magana ta yi nauyi. Da man nan iyayenmu suka raine mu a Damagaram. Tun jiya mata biyu suka ce mini sun fasa saye a Kasuwar Dole saboda saƙon nan. Abincin mutane ne ake taɓawa.

Ɗalibin likita: Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki. Sinadarin gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ne ya sa masa suna a 1935. Jiki yana yin sa daga wani maiƙo mai suna arakidonik, wanda ke ajiye a bangon ƙwayoyin halittarmu. In aka ji rauni ko cuta ta shiga, sai a saki maiƙon, wani sinadarin da ake kira COX ya juya shi zuwa furostagalandin. Daga nan jijiyoyin jini su buɗe, wurin ya yi zafi ya kumbura, jijiyar jin ciwo ta ƙara kaifi. Shi ne kuma ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki a yi masassara.

Alhaji na Birni: To ka gani, yaro. Ai ka gaskata mutumin.

Ɗalibin likita: Rabi na gaskata, Baba. Man gyaɗa yana da maiƙon linoleyik, kuma jiki yana iya juya shi zuwa arakidonik, amma ɗan kaɗan ƙwarai. An gwada ƙara wa mutane linoleyik a abinci, arakidonik ɗin jininsu bai tashi a zo a gani ba. Wanda ke shiga kai tsaye ma daga nama da ƙwai yake zuwa. Kuma ajiyar tana nan kwance har sai rauni ya tashe ta, kamar hatsi a rumbu: cikarsa ba ta sa a ɗora tukunya. Tun 1929 George Burr da matarsa Mildred suka nuna a Amurka cewa ɓerayen da aka hana wa maiƙo gaba ɗaya fatarsu tana lalacewa, girmansu ya tsaya. Linoleyik ne suka rasa, jiki ba ya iya yin sa da kansa.

Ɗan kabu-kabu: Ni ban san duk wannan ba. Abin da na sani, in na wuni a kan babur bayana kamar zai tsage. Diklofenak nake haɗiya da safe kafin in fita, wajen mai tallar magani a tasha nake saye. Ko da man gyaɗa ko babu, ƙwayar tana kashe kumburin, magana ta ƙare.

Majo, ma'aikacin jinya: Ƙanena, maganarka ta fi tayar mini da hankali a kan ta man gyaɗa. Ƙwayar nan COX ɗin da ɗalibi ya faɗa take toshewa. John Vane na Ingila ya gano a 1971 cewa haka asfirin ke aiki, har ya samu kyautar Nobel a 1982 tare da Bergström da Samuelsson. Diklofenak da ibufurofen duk hanyar ɗaya suke bi. Matsalar ita ce ƙwayar ba ta san bayanka kaɗai ba. Furostagalandin ɗin da ke sa ka jin ciwo, danginsa ne ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga tsamin narkar da abinci. Su ne kuma ke buɗe wa ƙoda hanyar jini in ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Kai kuwa cikinka babu komai, kana cikin ranar Afrilu, gumi yana zuba, ba ka shan ruwa sai azahar. A daidai lokacin da ƙodarka ta fi buƙatarsu kake kashe su. Na sha karɓar samari irinka, idonsu ya yi fari fat, bayan gidansu baƙi wuluk mai wari, ka tambaya ka ji wata da watanni suna shan ƙwayar nan. Jini ne ke zuba a ciki ba su sani ba.

Ɗan kabu-kabu: Majo, in ban sha ba ban fita ba, in ban fita ba yara ba su ci ba. Wannan fa?

Majo: Na sani, ba raina wahalarka nake yi ba. Ka fara da farasitamol, ya fi sauƙi ga ciki, amma shi ma kar a wuce ƙa'ida don hanta. In dole sai diklofenak, bayan cin abinci, da ruwa mai yawa, kwana kaɗan. Kullum dai a'a. Ka zo a duba bayan.

Ungozoma: Bari in ƙara, tunda ana ɗaukar furostagalandin kamar guba. A ɗakin haihuwa mu da hannunmu muke ba da shi. Misofurostol ai furostagalandin ne na ƙira, muna sa wa mace in jini ya ɓalle bayan haihuwa, mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Rayuka nawa ya ceta, Allah kaɗai ya sani. Furostagalandin na jiki ne kuma ke murɗa marar ƴan mata lokacin al'ada, shi ya sa ibufurofen ke yi musu aiki. Amma mai tsohon ciki kar ta kusanci ibufurofen da diklofenak, suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyar jariri kafin lokacinta.

Alhaji na Birni: Duk na ji. Sai dai ni tun da na bar man, gwiwar ta ɗan sassauta. Wannan jikina ne ya faɗa mini, ba littafi ba.

Ɗalibin likita: Ba na musun abin da ka ji, Baba. Amma da man ya fita, ƙosai da soye-soye ma sun fita. In nauyi ya ragu ko kaɗan, gwiwa ce ke fara shaidawa. Ciwon gwiwar manya kuma dama yana tashi yana lafawa.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: In tsoron gyaɗa za a ji, a ji na wadda ta yi fumfuna. Mu kanmu tsince ta muke yi kafin suya, mai ɗaci da wadda cikinta ya yi baƙi duk waje.

Majo: Hajiya ta faɗi gaskiya, gubar fumfunar gyaɗa tana kawo kansar hanta, wannan tabbatacce ne.

Alhaji na Birni: Ni dai ban mayar da man ba tukuna, zan ƙara wata ɗaya in gani. Majo, ina da hawan jini, kuma ni ma nakan sha ƙwayar yaron nan in ciwon ya matsa. Da matsala?

Majo: Da matsala babba, Alhaji. Tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, tana kuma rage ƙarfin maganin hawan jinin. Kar ka ƙara sha. Gobe da safe ka zo da duk fakitin magungunanka, in auna ka mu duba su ɗaya bayan ɗaya.