Wane sunan Ailan ya dace da farin muzuru?

Baƙon Galway (wani birni a ƙasar Ailan): Assalamu alaikum. Makon jiya muka ɗauko wani farin muzuru daga gidan ajiye dabbobin da aka yasar, yarana kuma sun kafe cewa tun da a Ailan aka haife shi, sai an raɗa masa suna da harshen ƙasar. Ina neman wanda ba a cika ji ba, amma wanda bakinmu zai iya kira ba tare da maƙwabta sun yi mana dariya ba.

Malamar Dublin: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ma'ana, ka fara duba furuci, domin rubutun harshen Ailan yana yaudarar baƙo. Haruffan "mh" da "bh" sukan ba da sautin "v", wanda ba mu da shi a Hausa, shi ya sa Niamh yake fitowa "Nib" a bakinmu, kuma sunan mata ne da za ka iya tarar da 'yar maƙwabcinka tana amsa shi. Tun da fari ne, ga Pangur Bán. Sunan kyanwar wani ɗan zuhudu ne na Ailan, wanda a ƙarni na 9 ya rubuta waƙa yana kwatanta farautarsa ta kalmomi cikin littattafai da farautar ɓerayen da kyanwar take yi. "Bán" na nufin fari, kuma alamar da ke kan wasalin tana sa a ja shi.

Dattijon Cork: Malama ta yi bayani mai kyau, sai dai Pangur ba baƙon suna ba ne ga kyanwoyi a nan, domin duk wanda ya san waƙar shi yake fara tunawa. Ni da zan ba da shawara, sai in ce Síoda, wato siliki. Michael D. Higgins, wanda ya hau shugabancin ƙasar a 2011, ya sa wa ɗaya daga karnukansa wannan suna, wasu biyu kuwa Bród, wato alfahari, da Misneach, wato jarumta. Abin da ya fi burge ni shi ne ana furta Síoda kusan kamar "shida" tamu, saboda haka ko kakar yaran ta zo ziyara ba za ta yi tuntuɓen harshe ba.

Baƙon Galway: Na gode, Malama, na gode, Baba. Na gwada kiran sunayen biyu a bakin ƙofar kicin, riƙe da kwanon abincinsa, ya kuwa taho a guje duka sau biyun. Yaran sun zaɓi Síoda, ƙaramarsu ma har ta fara tambaya ina sauran biyar ɗin suke.