Canza sunan sabar imel: aikin minti goma ne ko na sati guda?

Kabiru: Salamu alaikum. A ce kamfani a nan Katsina ya canza suna, shugabanni suna son tsohon sunan ya ɓace daga sabar imel. Exchange 2019 ce, manhajar sabar imel ta Microsoft, guda ɗaya, akwatuna 120, da rassa a Daura da Funtua. Ni dai na ce aikin minti goma ne: a canza sunan kwamfutar a Windows, a kashe a kunna, a gyara DNS, wato rajistar da ke haɗa suna da lambar IP. Masu cewa sai sati kuɗin kwangila kawai suke nema.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Kul, Kabiru! Microsoft ba ta yarda a canza wa kwamfuta suna bayan an ɗora mata Exchange ba. Tun ranar ɗorawa ake rubuta sunan a Active Directory, wato kundin kwamfutoci da ma'aikatan kamfani, kuma ma'ajiyar akwatuna da hanyoyin karɓar saƙo duk da shi aka ƙulla su. Kana canzawa, kwamfutar za ta tashi da sabon suna, ta nemi kanta a can ta rasa. Ma'ajiya ta ƙi hawa, Outlook ya yi ta lalube. Ko sabar da ta mutu, ba a farfaɗo da ita sai da ainihin sunanta na da.

Kabiru: Ai Malam a Linux kullum ana yi.

Hajiya Rabi: Ana yi, ƙanena. A Postfix, manhajar imel ta Linux, sai ka gyara sunan da hostnamectl, ka taɓa /etc/hosts da layin myhostname a main.cf. Zimbra ma tana da zmsetservername. Amma ku biyun kun haɗa abu biyu wuri guda. Sunan kwamfuta daban, sunan da jama'a ke gani daban. Manaja bai san sunan kwamfutar, irin su KTN-MAIL01, ba, abin da yake bugawa a wayarsa ya sani. Wannan na biyun ana canza shi ba tare da an taɓa na farkon ba, kuma ga yadda ake bi.

Kwana biyu kafin aikin a sauke TTL, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohon bayanin DNS, zuwa daƙiƙa 300. A buɗe rikodin A, mai haɗa suna da lambar IP, na sabon sunan, da na autodiscover da Outlook ke bi ya gano sabar. A sayi satifiket mai ɗauke da tsohon suna da sabo tare, a ɗaura shi kan IIS da SMTP. Sannan a bi adireshin OWA, ECP, EWS, MAPI, ActiveSync da OAB, wato ƙofofin shiga sabar, ɗaya bayan ɗaya, na ciki da na waje, kar a manta AutoDiscoverServiceInternalUri. Wanda ya manta wannan, gobe da safe kowace kwamfutar ofis gargaɗin satifiket za ta fitar. MX, rikodin da ke nuna inda za a kai saƙo, shi ne na ƙarshe, kuma ya nuna rikodin A kai tsaye, ba CNAME, wato laƙabi, ba.

Injiniya Sada: Hajiya, kin tsallake wanda ya fi cin lokaci, wato PTR, rikodin da ke mayar da lambar IP zuwa suna. Ba a hannunka yake ba, yana hannun kamfanin da ya ba ka lambar IP, sai ka rubuta musu ka jira. Dole sunan da sabar ke gaisuwa da shi a EHLO, da rikodin A, da PTR su yi baki ɗaya. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta ƙara matsa lamba kan wannan, saƙon da bai cika ba sai ya dawo ko ya faɗa shara. In adireshin ma'aikata ma zai koma sabon yanki, SPF da DKIM da DMARC, rikodin da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ka yake, sababbi ake rubutawa, na tsohon yankin ba sa biyo ka.

Kabiru: Na ji. Amma tsohon sunan zai ci gaba da fitowa a layukan Received na kowane saƙo, masu nuna hanyar da saƙon ya biyo, kuma shi aka ce a goge.

Malam Lawal: Shi ya sa nake cewa a gina sabuwar saba da sunan da ake so, a kwashe akwatuna da New-MoveRequest ashirin-ashirin da dare, har da ɓoyayyun akwatunan arbitration, in ba haka ba tsohuwar ba za ta yarda a cire ta ba. Ga shi tallafin Exchange 2016 da 2019 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Tun da tashi ya kama, a tashi gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: Malam Lawal, a sayi saba sukutum saboda layin da babu mai buɗewa? Ana iya hana waɗannan layukan fita daga kan hanyar aikawa, kuma 2019 mai sabuntawar CU14 ko CU15 tana hawa SE, wato Exchange da ta gaje ta, a inda take. Ga lissafin wuta: kwashe akwatuna dare shida a kan janareta, man wa za a ƙona?

Injiniya Sada: Duk wadda aka bi, a bar tsohon sunan yana aiki akalla wata guda. Saƙon waje ba ya ɓata da wuri, sabar mai aikowa takan yi ta gwadawa kwana huɗu zuwa biyar. Masu ɓata shiru su ne na'urar sikana, da manhajar albashi, da wayoyin reshen Daura da aka buga wa sunan da hannu. A duba rajistar SMTP kullum, duk lambar IP da ke zuwa ta tsohuwar hanya a bi ta a gyara.

Kabiru: To, na janye batun canza suna a Windows. Sati gudan ne dai har yanzu ban yarda da shi ba. Injiniya, turo mini yadda ake rubuta takardar neman PTR ɗin.