Bahar Maliya da sabbin masu nutso: abin da aka tsayar

Jama'a, maganar ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da aka faɗa kan ko gaɓar Masar ta Bahar Maliya ta dace da wanda bai daɗe da karɓar takardar nutso ba.

1. Kusan kowa ya ce ta dace. Ruwan garau yake, akwai ɗumi, murjani kuma tun daga sama-sama ake ganinsa. An fi ambaton garin Dahab, inda ake shiga ruwa da ƙafa daga gaɓa, sai Hurghada.

2. Takardar farko ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, zurfin mita 18 ne iyakarta. Kada ka tsallake ta ko da jagora ya ce ba komai. Wannan batu ni ma na riƙe shi da ƙarfi.

3. Gishirin tekun yana da yawa, yana tura mutum sama, don haka a gwada nauyin dalmar da mai nutso ke ɗaurawa tun ranar farko.

4. An rabu kan nutso zuwa Thistlegorm, jirgin ruwan da ya nutse a 1941. Wasu sun ce sai a ƙaro horo a can a je. Mafi yawa sun ce a haƙura tukuna: zurfinsa kusan mita 30 ne, ga ruwa mai ja. Ras Mohammed ma, wani wurin nutso a ƙarshen kudancin Sinai, an yi saɓani a kansa saboda jan ruwa. Zurfafa a Blue Hole kuwa, wani rami mai zurfi a teku kusa da Dahab, babu wanda ya goyi baya.

5. Bayan nutso na kwanaki a jere, a jira aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, kuma a yanki inshorar nutso tun daga gida.